Injin Surukina

Ni makanikin babur ne. Shekara goma sha bakwai ina kwance injin zemijan, wato baburan haya, a bakin titin Zongo a Lomé, kuma duk wanda ya san Sagiru ya san ba na gyara abu sau biyu. Sai ga shi injin kwale-kwale guda ɗaya tal ya nemi ya mai da ni abin dariya, kuma don a ƙara mini haushi, injin na surukina ne.

Surukin nawa, wanda mu duka muke ce wa Baba, falken awaki ne. Yana da kwale-kwale a Agbodrafo, bakin tafkin Togo. Duk mako yakan ƙetara ƙauyukan can gefen, ya sayo awaki da kaji, a loda a mota a kawo kasuwar Gbossimé. Ya haura saba'in. Shekara talatin yana wannan hanya tare da Komla, wani dattijon Ewe da ke ja masa igiyar tayar da inji, yana kuma tura jirgi da gora in an zo wuri marar zurfi. Amma tuƙi da sa giya, wannan na Baba ne shi kaɗai, ko Komla bai isa ya taɓa ba. 'Ya'yansa sun gaji da wannan yawon ruwa. Nasser, babban ɗansa namiji, mai aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa, ya daɗe yana neman dalilin da zai sa a sayar da jirgin, Baba ya zauna gida ya ja carbi. Baba kuwa ya ce ranar da aka raba shi da ruwa a fara haƙa masa kabari.

Komla ne ya kawo mini injin a keke mai ƙafa uku, wata ranar Litinin da hantsi. Tsohon inji ne mai doki goma sha biyar, fentinsa ya ɓare har ba a iya karanta sunan masu ƙira. Komla ya ce cutarsa biyu. Ta farko, da an sa giya sai ya mutu. Ta biyu, in ma ya kama hanya, sai a tsakiyar ruwa ka ji ƙwal, kamar an daki kututture, giya ta fita da kanta.

Na ce masa ni babur nake gyarawa. Ya ce Baba ya ce inji duk inji ne, kuma yana da suruki makaniki, ba zai kai wa bare ba. To, me zan ce?

Na fara da kabureta. Da na kwance ɗan kwanon da ke ƙarƙashinta sai da na ja tsaki. Wani abu ne kore-kore mai danƙo kamar miyar kuɓewa ta kwana, ga yashi, ga ruwa kwance a ƙasa. Man kwalba na bakin hanya ne Baba ke zuba wa injin, kuma da tsohon rawaninsa yake tacewa, don har zaren rawanin na zaro daga ɗan ramin da mai ke bi in inji yana gudun tsaye. Ramin ya toshe ɗam. Shi ya sa yake mutuwa da an ɗora masa nauyin farfela. Maganin da Baba ya yi kuwa shi ne ya sa bakin wuƙa ya murɗa kusar ralanti, wadda ke ƙara gudun inji a tsaye, har sai da ta ƙure. Kan kusar nan duk ya ci sara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, don inji mai ihu haka in ka sa masa giya, haƙora kake karya masa.

Na sauka ƙafar injin, na buɗe kusar man giya. Man ya zubo fari-fari kamar koko, ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a ciki. Na kwance komai har na isa ga karabo, wani zoben ƙarfe mai kauri, da haƙora gaba da baya, shi ne ke cafke giya ya juya farfela. Haƙoran gaba sun lallashe, sun yi sumul kamar dasashin tsohuwa.

Kwana uku na rufe rumfata ina neman wannan zobe. Na zaga kasuwar Akodésséwa layi-layi, masu kayan gyara suna kallona kamar na tambayi nonon kaza. A ƙarshe a Katanga, wajen masunta, na samu wani tsohon inji irinsa da aka yar a bayan shago, na ciro nasa. Mai shagon ya ce in riƙe shi da kyau, don bai san inda zan sami wani a Lomé ba. Na dawo na haɗa, na wanke kabureta fes, na mai da ralanti inda ya kamata, na canza buji, wato fulogi, na cika duro da ruwa, na rataya injin a bakinsa. Ja ɗaya ya tashi. Na buga giya gaba, ƙwas. Na buga baya, ƙwas. Wallahi har na ji ina son injin.

Da la'asar Baba ya zo gani da kansa. Na durƙusa na gaishe shi, na koma gefe ina kallon ƙasa, kamar yadda nake yi tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa shekara tara da suka wuce. Na tayar masa da injin. Ya gyara hannun riga, ya yi bisimilla, ya ɗora hannu a kan sandar giya, ya fara ja. A hankali. A hankali ƙwarai, kamar mai tatsar akuya mai ciwon nono.

Ƙrrrrrrr.

Na ji ƙarar nan a cikin haƙorana. Karabo bugu ɗaya yake so, kamar mari. In ka lallaɓa shi, haƙoran ba sa shiga, gogar juna suke yi suna cinyewa. Zoben da na yi kwana uku ina nema ne ake niƙawa a gabana, kuma mai niƙawar yana murmushi.

"Baba," na ce, "da za a ɗan..."

Ya juyo ya dube ni. "Na'am?"

"A ɗan... a sauka lafiya."

Abin da ya fito ke nan. Ni da nake yi wa 'yan zemijan tsawa har ana jiyowa daga gidan mai, na tsaya ina sosa ƙeya. Yaya za a yi in dubi uban matata in ce masa hannunsa ne ke kashe injinsa? A gidanmu ko abinci ba ka ci a gaban suruki, balle ka koya masa sana'ar da yake yi tun kana rarrafe.

Sai na bi hanyar da kowa ke bi. Da na koma gida na zaunar da Sakinatu, matata, na ce ta gaya wa Baba abu biyu: ya bar kusar ralanti ta huta, kuma giya a buga ta da ƙarfi, sau ɗaya. Har na kwatanta mata da muciya.

"Ni?" ta ce. "Ka manta ni ce 'yar fari? Baba ko sunana ba ya faɗa. In je in tsaya a gabansa ina koya masa tuƙi?"

"To ki gaya wa Mma."

Ta gaya wa Mma, mahaifiyarta. Mma ta gaya wa Baba. Abin da ya isa kunnen Baba, kamar yadda Komla ya ba ni labari daga baya, shi ne wai surukinsa yana gaishe shi, ya ce inji ya tsufa, a riƙa lallaɓa shi. Na aika wuta, aka kai ruwan sanyi. Baba ya ji daɗin wannan saƙo sosai, har ya ce yaron nan yana da hankali, ya kuma ƙara lallaɓawa a kan ta da.

Za ka ce me ya hana ni bi ta wajen Nasser, tunda shi ba ya jin nauyin kowa. Ai in na gaya wa Nasser cewa Baba ne ke ɓata injin da hannunsa, na ba shi wuƙa da nama. Washegari za a kira mai saye.

Mako uku cif, keke mai ƙafa uku ya sake tsayawa a gaban rumfata. Wannan karon Nasser ne a bayansa, a motarsa, da gilashi a ido. Injin ya mutu wa su Baba a tsakiyar tafki da awaki goma sha ɗaya a jirgi, giya ta ƙi zama, Komla ya yi awa biyu yana turi da gora cikin rana, akuya ɗaya ta faɗa ruwa da ƙyar aka tsamo ta.

"Mon beau," Nasser ya ce, haka yake kirana da Faransanci, wai surukinsa, ko gaisuwa babu, "an ce kai ka gyara."

"Ni na gyara."

"Voilà. To ka ji. Mun zauna, mu duka. Lahadi za mu je Agbodrafo a gwada a gabana. In ya yi ko da tari ɗaya, c'est fini, akwai mai saye. Ba za mu jira a kira mu a ce an tsamo gawa ba."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ƙarya ya faɗa ba. Issifou mai walda, maƙwabcin rumfata, ya aje abin da yake yi yana saurare, bakinsa a buɗe, na san kafin magariba duk Zongo ta ji cewa gyaran Sagiru mako uku yake yi.

Na sake buɗewa. Zaren rawani ya koma mazauninsa a kabureta. Kusar ralanti ta sami sabon sara. Haƙoran karabo na gaba sun tafi. Wani zoben babu shi, sai na yi dabarar da tsofaffin makanikai ke yi: na juya shi, haƙoran baya da ba su ci wuya ba suka koma gaba. Wannan dabara sau ɗaya ake yin ta. In waɗannan ma suka lallashe, sai dai a sayar da injin ga masu awon ƙarfe. Na sayo matacin mai na babur na ɗaura a tiyo, don rawanin Baba ya huta. Na ɗiga jan fenti a kan kusar ralanti, ko ganin ja zai sa wuƙar ta ji kunya.

Na sake samun Sakinatu, na ce wannan karon ta faɗa wa Mma kalma da kalma.

"Na faɗa mata tun wancan karon, kalma da kalma," ta ce. "Har muciyar na ɗauka."

"To me ya faru a hanya?"

"Je ka tambaye ta mana, ai surukarka ce."

Ta san ba zan iya ba. Na fita na bar mata ɗakin, na je na zauna a kan duro ina zagin injin, tunda shi kaɗai ne a cikin maganar nan nake da ikon zagi.

Lahadi da safe muka isa Agbodrafo. Ruwan ya kwanta, masu jefa birgi can nesa tsaye a ruwa iya ƙugu. Muka ɗaura injin. Nasser ya tsaya a gaɓa da wayarsa a hannu zai ɗauki hoto, ƙannensa biyu a gefensa. Baba ya shiga ya zauna a mazauninsa, ni na tsuguna kusa da injin, Komla ya tura mu daga gaɓa, ya ja igiya. Injin ya tashi lafiya lau, yana gudunsa a natse. Baba ya yi bisimilla, ya ɗora hannu.

Ƙrrrr.

Na rufe ido. Na ce a raina, Sagiru, yi haƙuri, uban matarka ne.

Ƙrrrrrrr.

Haƙoran ƙarshe ne fa. Na tuna rana ta Katanga, na tuna bakin Issifou, na tuna Nasser da gilashinsa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Haba Baba! Buga ta ake yi! Buga ta!"

Na cafki hannunsa tare da sandar na fizga. Ƙwas. Farfela ta kama, jirgi ya zabura, Komla ya faɗi zaune a kan gorarsa. Muka nufi tsakiyar tafki, gaɓa tana ja da baya.

Ban saki hannun nan da nan ba, saboda abin da na ji a cikin tafina. Hannun ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Yatsu uku a lanƙwashe suke, sanyi ƙalau, ba sa kama komai, babban yatsa da manuni ne kawai ke ɗan motsi, su ma suna rawa. Da wannan hannu ko murfin kwalba ba zai buɗe ba. Ashe ba lallaɓawa yake yi ba, iyakar ƙarfinsa ke nan.

Na saki, na koma na tsuguna. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Komla ya juya mana baya yana kallon ruwa, alamar ya daɗe da sani.

Baba ya rage wuta da hannun hagu. Mun yi nisa, ba mai jin mu.

"Tun azumin bara," ya ce. "Na tashi wata safiya na ga sun ƙi. Na ce za su sake, ba su sake ba."

"Mma ta sani?"

"Ita ke ɓalle mini maɓallin riga. Daga baya ta gaya mini saƙonka ya iso wajenta daidai, ita ta ga ba amfanin a ce wa gurgu ya yi gudu. Kusar nan ma da kake fushi a kanta, ina murɗa ta ne don kada ya mutu kafin in gama ja." Ya nuna gaɓa da haɓa. "Za ka gaya musu?"

Na dubi gaɓa. Nasser ya zama ɗan tsito, amma ina hango hannunsa a sama da waya. In na faɗi gaskiya, sunana ya wanku, kowa ya san Sagiru bai yi kuskure ba, jirgi kuma ya tafi kafin Juma'a. Na dubi tsohon nan, yadda ya zauna a bayan jirginsa, iska na kaɗa masa riga. Na sha ganin irinsa da aka zaunar a ƙofar gida a Zongo, ba sa kai shekara.

Na jawo jakar kayan aikina. Akwai wani guntun bututun ƙarfe da nake zura wa sifana in noti ya yi taurin kai. Na ce a mai da giya tsakiya, na zura bututun a kan sandar, na naɗe shi tam da robar tayar babur. Sandar ta ƙara tsawo da kamu ɗaya da rabi.

"Ba da yatsu ba, Baba. Da gindin tafi, da nauyin kafaɗa. A tura kamar ana rufe ƙofar da ta kumbura."

Ya gwada. Ƙrr, ƙwas. Na ce a sake. Ya sake, ya fi na farko. A karo na huɗu ta shiga tsaf ba ko gurnani. Muka yi gaba, muka yi baya, sau goma sha wani abu, har Komla ya fara dariya.

"Zan yi shiru," na ce, kuma a karon farko cikin shekara tara na dube shi ido cikin ido. "Amma da sharaɗi biyu. Duk ranar iska, Komla ne zai riƙe tuƙi. Kuma gobe da safe ni zan kai ku asibiti a duba hannun nan. In aka ƙi ɗaya, da bakina zan gaya wa Nasser."

Komla ya daina dariya. Baba ya daɗe yana kallona.

"Ashe kana da baki," ya ce.

"Injin ne ya buɗe shi, Baba."

Muka juya. Baba ya kawo jirgin gaɓa, ya buga baya da gindin tafi, jirgi ya tsaya cak a gaban takalman Nasser. Nasser ya cire gilashi yana duban bututun da robar.

"Alors, mon beau? Wannan kuma mene ne? Kuma ihun me na ji kana yi wa Baba?"

"Injin nake yi wa," na ce. "Laifina ne tun farko. Sandar giya na ɗaura ba daidai ba, ta yi tauri, shi ya sa take cin ƙarfe. Yanzu na gane, na ƙara mata tsawo. Gobe Issifou zai yi mata walda."

"Sau biyu?"

"Sau biyu."

"Je savais, dama na sani," ya ce wa ƙannensa, da murya yadda har masu wanki a gaɓa suka ji. "An ɗauki injin ruwa an ba mai gyaran zem. Da Baba ya nutse fa?"

Wallahi na ji kamar in ɗauke shi da gilashinsa in jefa a tafki. Baba yana zaune a jirgi yana naɗe igiya da hannun hagu, bai ɗago ba. Nasser ya kira mai saye a gabanmu ya ce an fasa, tukuna.

Kafin mu iso Lomé labari ya riga mu. Da yamma wani ɗan zemijan da na shekara shida ina yi wa gyara ya zo ya tura babur ɗinsa daga rumfata zuwa ta gaba, ko kunyar idona bai ji ba. Sakinatu ta tambaye ni ko gaskiya ne ni na kusa kashe mata uba, na ce ta zuba mini abinci. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma har yau duk ranar da Baba zai ƙetara ba na samun natsuwa sai na ji sun sauka, don ban tabbata daidai na yi ba.

Litinin da safe na tsaya da babur a ƙofar gidansu, ina zaton zai aiko a ce ba ya nan. Sai ga shi ya fito da farar riga da hula. Mma ta leƙo ta bayan labule ta koma. Ya hau bayana da ƙyar, ya zauna nesa-nesa kamar yadda suruki ke zama, har na tayar. Da muka faɗa ramin farko na titin Zongo sai na ji ya matso, ya riƙe kafaɗata da hannun hagu. Na daman ya zuro ta gefena ya ɗora a cinyata, ya ce in riƙe masa kada ya zame. Na riƙe, na tuƙa da hannu ɗaya har muka hau kwalta.